Garnaɗa Ko Ƙurɗuba? Yini Guda A Ƙasar Andalus

 A wannan watan za mu leƙa kudancin ƙasar Sifen, wato yankin da littattafan tarihi ke kira Andalus, inda Musulmi suka shiga a shekarar 711, mulkinsu bai ƙare gaba ɗaya ba sai a 1492.

Akwai wasu manyan jiragen ruwa na shaƙatawa da ke zagaya tekun Bahar Rum, waɗanda tamkar otal suke a kan ruwa. A kwana ana tafiya, gari ya waye a tashar wani birni, a sauka a yini, da yamma kowa ya koma jirgi a ƙara gaba. Da yawa daga cikinsu sukan tsaya a Malaga. To idan Allah ya hore wa maigida ya kai ku irin wannan tafiya ke da yara, a nan ne za ki samu kanki cikin tsaka mai wuya, domin kuwa daga Malaga ana iya zuwa manyan biranen Andalus guda biyu: Garnaɗa, wadda mutanen ƙasar ke kira Granada, da Ƙurɗuba, wadda suke kira Cordoba. Kowace Musulma za ta so ganin duka biyun, amma fa taura biyu ba ta taunuwa.

Lissafin lokaci

Galibi jirgi kan iso wajen ƙarfe bakwai ko takwas na safe, ya tashi wajen biyar ko shida na yamma, kuma ana son kowa ya dawo aƙalla rabin awa kafin tashi. Kin ga ke nan awa takwas da rabi zuwa goma da rabi gare ki. Garnaɗa tana da nisan kimanin kilomita 130 daga Malaga, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a bas. Ƙurɗuba kuwa kimanin kilomita 160 ce, wajen awa biyu a bas, sai dai akwai jirgin ƙasa mai gudun gaske da aka buɗe layinsa a 2007, wanda idan komai na tafiya daidai cikin kusan awa guda yake kaiwa. Kowanne dai ki ɗauke shi kamar tafiyar Kano zuwa Zariya. Tsakanin biranen biyu ma akwai tafiyar sama da awa biyu a mota, don haka duk wadda ta ce sai ta taka duka a yini ɗaya, to a kan titi za ta ƙare, ta dawo da gajiya da yara masu kuka.

Ki kuma riƙe wannan da kyau: idan kuka bi rangadin da kamfanin jirgin ya shirya, ko an makara a hanya jirgi zai jira ku ko kuma kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Idan kuwa da kanku kuka fita don rage kuɗi, lokaci na cika za a janye tsani, sai ku nemi hanyar cim ma jirgi da kuɗin aljihunku, ga kayanku duk suna ciki.

Garnaɗa, gidan sarauta a kan tudu

Abin da ke kai mutane Garnaɗa shi ne fadar Alhamra, wadda sarakunan Banu Nasar suka gina a kan wani tudu da ke kallon gari, tun daga lokacin da kakansu Muhammad Ibnul Ahmar ya karɓi birnin a 1238. Daga waje ganuwa ce ja mai kauri, ba wani ado. Sai kin shiga ciki za ki riƙe baki. Bango tun daga ƙasa har sama an yi masa zanen sassaƙa mai laushi kamar leshi, ga rubutun Larabci yana bin kowace kusurwa, kuma kalmar da za ki fi yawan gani ita ce taken gidan sarautar, mai ma'anar babu mai rinjaye sai Allah. Akwai wani tsakar gida da Sarki Muhammad na biyar ya gina a ƙarni na 14, mai ginshiƙan marmara 124, a tsakiyarsa ga wani kwarya na dutse da siffofin zakuna 12 ke ɗauke da shi, ruwa yana fita ta bakunansu yana bin ƙananan magudanai zuwa ɗakuna huɗu.

Ruwan nan ma abin nuna wa yara ne. Tun a wancan zamani aka janyo shi daga kogin Darro ta wata doguwar magudana, gangara kaɗai ke tura shi, babu inji babu lantarki, har ya isa lambun sarki da ake kira Generalife, inda sarakuna ke zuwa shan iska lokacin zafi. Idan lokacin sanyi ne ko farkon bazara, za ki hango ƙanƙara fara fat a kan duwatsun Sierra Nevada a bayan fadar.

Amma wannan daula ba ta hana ƙarshe zuwa ba. Rigimar cikin gida ta cinye gidan, uba da ɗa da baffa suna yaƙar juna a kan kujera, har ranar 2 ga Janairun 1492 Sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullan gari ga Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella. Wannan darasi ne da ya fi ƙarfin sarakuna kaɗai, ya shafi kowane gida da 'yan uba ke zaman doya da manja.

Garnaɗa ba baƙuwarmu ba ce ta fuskar ilimi. Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukanmu, ya taɓa yin alƙalanci a nan. Haka nan Ibnu Asim mai Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu na shari'a suka sani sarai, ɗan wannan gari ne. Wani abin farin ciki kuma, a unguwar Albaicin da ke fuskantar fadar akwai babban masallaci da aka buɗe a 2003, inda za ki yi sallarki cikin natsuwa, kuma daga farfajiyarsa ana hango Alhamra gaba ɗayanta. A gangaren unguwar akwai layin da ake kira Caldereria Nueva, cike da shagunan shayi da gidajen abinci na mutanen Maroko, halal ba wuya.

Sai dai Garnaɗa tana da sharuɗɗa. Tikitin Alhamra da sunan mutum ake yankarsa, a ƙofa sai an nuna fasfo, kuma yakan ƙare makonni kafin ranar, musamman lokacin hutu. Sashen ɗakunan sarakuna yana da ƙayyadadden lokacin shiga da aka rubuta a jikin tikiti, wanda ya makara ya yi asara. Yara ma sai da tikitinsu ko da ba za a biya musu ba. Zagayen kansa yakan ci awa uku, ga hawa da gangara da matakala, kuma ba a shiga ɗakunan sarakuna da keken turin jariri, don haka mai goyo ta tanadi zaninta da majanyi.

Ƙurɗuba, masallacin da ba a salla a cikinsa

Ita kuwa Ƙurɗuba ta girmi Garnaɗa a daraja da shekaru. Nan ce hedikwatar Banu Umayya na Andalus. Abdurrahman na farko, wanda ya tsere daga Sham bayan an kifar da gidansu, shi ya fara gina babban masallacin garin wajen shekarar 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har kusan shekara 200. Da kin ratsa farfajiyar da ke cike da itatuwan lemo kika shiga, sai ki ga kamar kin faɗa dajin dabino: ginshiƙai kusan 850 a jere, a kansu bakuna hawa biyu masu ratsin ja da fari, ido bai ganin ƙarshensu. Can ƙurya ga mihirabin da Halifa Alhakam na biyu ya gina a ƙarni na 10, an lulluɓe shi da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya da ayoyin Alƙur'ani.

Sunayen malaman garin nan kullum suna kunnenki ko da ba ki lura ba. Yahaya bin Yahaya Allaisi, wanda ruwayarsa ta Muwaɗɗa Malik ita ce ta fi yaɗuwa, a nan ya zauna har ya rasu a 848. Ibnu Rushdi mai Bidayatul Mujtahid a nan aka haife shi a 1126. Imam Ƙurɗubi mai tafsiri sunan garin ya ɗauka. Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a lokacin Mauludi shi ma mutumin Ƙurɗuba ne. Ga 'ya'yanki mata kuma ki ba su labarin Lubna, wadda ta yi aikin rubutu a fadar Alhakam, ta kuma yi suna wajen nahawu da lissafi.

To amma uwargida, ki shirya zuciyarki tun kafin ki isa. Tun shekarar 1236 da Sarki Ferdinand na uku ya ci garin aka mayar da masallacin coci, a 1523 kuma aka fara gina wata babbar majami'a a tsakiyarsa, hasumiyar kiran sallar ma an lulluɓe ta da hasumiyar ƙararrawa. Har yau a hannun coci ginin yake. Za ki ga gicciye da siffofi a gefen rubutun ayoyi, kuma ba a yarda Musulmi su yi salla a ciki ba, masu gadi za su dakatar da duk wanda ya gwada. Ki yi wa yara bayani tun a jirgi don kada abin ya zo musu ba zato, kuma kada a ja rigima a ƙasar mutane. Akwai ƙananan masallatai a cikin gari, kamar na Almorabito da ke lambun Colon. Wadda kuma zuciyarta ba ta kwanta da shiga irin wannan wuri ba, ta nemi fatawar malaminta tun daga gida.

Sauƙin Ƙurɗuba shi ne wurin shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa, cikin awa ɗaya da rabi an gama ganin masallacin a cikin inuwa, sannan a fito a taka tsohuwar gadar Rumawa da ke kan kogin Guadalquivir, sunan da asalinsa Wadil Kabir ne. Tikiti ma bai kai na Alhamra wahala ba. A kula dai da abu biyu: ranar Lahadi akan rufe wa masu ziyara na wasu awoyi saboda ibadar coci, sannan a watannin Yuli da Agusta zafin garin yakan haura digiri 40.

To wanne za ki zaɓa?

Shawarata ita ce ki fara duba tikitin Alhamra tun ranar da aka biya kuɗin jirgi. Idan kin samu na safe ko na hantsi, jirginku zai yini sosai a Malaga, yaranki kuma sun tasa, babu mai ciwon ƙafa a cikinku, to ki tafi Garnaɗa, kuma ki bi motar kamfanin jirgi ko da ta fi tsada, domin can lokaci ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Idan kuwa kuna tare da Hajiya babba, ko kina da juna biyu, ko ƙananan yara, ko tikiti ya ƙare, to Ƙurɗuba ta fi miki, kuma ba ki yi asara ba, domin ta fuskar tarihin ilimi ita ce uwa. Idan jirgin ƙasa za ku bi, a tabbatar yana aiki a ranar, a sayi tikitin dawowa tun da wuri, kuma kada a ɗauki jirgin ƙarshe da zai iya kai ku a kan kari.

Idan kuma jirginku rabin yini kawai zai yi, kada ki tilasta. Ita kanta Malaga tana da ganuwar Musulmi ta ƙarni na 11 mai suna Alcazaba, kusa da tashar jiragen ruwa, ta ishe ku kallo.

Kafin ki sauka

Mai fasfon Nijeriya ko Nijar sai da bizar Shengen. Ki riƙe fasfo a jaka mai zif a gabanki saboda 'yan sane, ki sa takalmi mara tsini, ki ɗauki ruwa da 'yar ƙaramar dadduma, ku kuma tambayi malamai hukuncin ƙasaru da haɗa salla. Wajen abinci a yi hattara, domin naman alade ya yi yawa a girkinsu. Duk inda kika ga an rubuta cerdo, jamon ko manteca, ki kauce, kifi ya wadatar. Ki rubuta lokacin tashin jirgi da lambar wakilinsa a takarda, kada ki dogara da waya kaɗai.

Duk wanda kika zaɓa, kada ziyarar ta tsaya a ɗaukar hoto. Ki zaunar da yara da dare ki tambaye su abin da suka gani, ki nuna musu yadda ilimi ya ɗaga mutanen nan, da yadda rarrabuwar kai ta kayar da su. Allah ya hore mana na zuwa, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.