Katin Aro da Littafin da Ruwa Ya Daka

  

Da aka ce kowane aji ya kawo abin da zai shiga littafin ƙarshen shekara, mu ƴan ajin ƙarshe mun daɗe muna gardama. Wasu suka ce a rubuta nasiha kan sallah, wasu suka ce tarihin Damagaram. Daga baya muka yarda mu ba da labarin abin da ya same mu da kanmu, ko da yake akwai abin kunya a ciki. Mun nemi izinin Malam, ya ce mu rubuta, amma kada mu kama sunan kowa.

Abin ya faro ne bara, dab da hutun damina. Mushen da ke koya mana Faransanci ya ce duk wanda ya yi wata uku bai buɗe littafi ba, zai dawo da kai kamar allon da aka wanke. Ya ce mu je ɗakin karatu na jama'a mu yi rajista. Yawancinmu mun sha wucewa ta ƙofar wurin, amma ba wanda ya taɓa leƙawa. A zatonmu wurin ƴan lakwal ne zalla da manyan ma'aikata, ba na ƴan madarasa masu hula da hijabi ba.

Wata Asabar da hantsi muka tafi mu 11. Da mu da wani aboki namu wanda ba ɗan ajinmu ba ne, almajiri ne a zauren Malam, tare muke ɗaukar karatun Risala bayan isha. Daga wani ƙauye ya zo ta wajen Magarya. Bai taɓa zama a benci ba, a hannunmu ya koyi baƙaƙen boko, amma wallahi cikin wata shida ya fi wasunmu saurin karanta Hausa.

Mai kula da ɗakin dattijo ne mai tabarau, muna ce masa Baba. Ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Ku zo ɗaya bayan ɗaya, nan ba tasha ba ce." Sannan ya lissafa abin da ake buƙata: hoto biyu ƙanana, fotokwafin takardar haihuwa ko katin makaranta, sa hannun uba ko shugaban makaranta, da dala ɗari, wato sefa 500, na shekara guda. Ya buɗe wani babban kundi mai baƙin bango, ya rinƙa rubuta suna, da sunan uba, da unguwa, da makaranta. Kowa ya ba shi lamba, ya manna hoto a kati, ya buga hatimi. Wani daga cikinmu ya ce, "Baba, duk wannan bincike don littafi ɗaya?" Baba ya ce, "Yaro, in ka ba mutum akuyarka kiwo, ba ka tambayar gidansu?"

Ya nuna mana yadda aron yake tafiya. A cikin bangon baya na kowane littafi akwai ɗan aljihu na takarda, a ciki akwai katin littafin. In ka ara, sai ya zare wannan kati ya rubuta lambarka a kai, ya ajiye shi cikin akwatin katako a bayan ranar da za ka dawo da shi. Ya buga wannan ranar a wata ƴar takarda da ke manne cikin littafin don kada ka ce ka manta. Littafi biyu ake ba mutum, na sati biyu. In ba ka gama ba, ka zo da shi a sabunta. Ƙamus da manyan littattafan bincike ba sa fita, nan za ka zauna ka duba. Da safe in ya buɗe akwatin, katunan da ke gaba su ne ke gaya masa wanda ya makara.

Ya kuma nuna mana lambobin da ke gadon bayan littattafai. Ya ce tsari ne da wani Ba'amurke mai suna Dewey ya fito da shi a 1876, ana aiki da shi a ƙasashe da yawa: 200 addini, 500 kimiyya, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa. Musulunci yana 297. Muka ruga can, muka tarar da littattafai kaɗan, mafi yawa da Faransanci. A 800 muka ga Sarraounia na Abdoulaye Mamani da L'Enfant noir na Camara Laye. A can ƙasan kanta kuma ga ƴan littattafan Hausa, cikinsu har da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, juzu'i uku, sun sha hannu.

Da layi ya zo kan abokinmu, sai Baba ya ce, "Takarda fa?" Ya yi shiru. Ba shi da takardar haihuwa, don a gida aka haife shi, ba wanda ya je ya yi masa rajista. Ba shi da katin makaranta, don makarantar allo ba ta ba da kati. Mahaifinsa yana ƙauye. Baba ya ce, cikin taushin murya, "Zama ka karanta a nan, kyauta ne, ko kullum ka zo. Amma fita da littafi sai da kati." Abokinmu ya ce ba komai. Mu dai mun ga idonsa. Kuma mun san zaman ba zai yiwu masa ba, domin lokacin da ɗakin ke buɗe yana wajen ɗiban ruwa da aikin gidan da ke ba shi abinci. Daren da yake da sarari, ɗakin a rufe yake.

A hanyar komawa muka ƙulla dabara. Muka ce ai mu 10 ne masu kati, kowa yana da damar littafi biyu. Sai ɗaya ya rinƙa karɓo masa. A bayan katin an rubuta cewa na mai shi ne shi kaɗai, kada a ba wani littafin da aka ara. Mun gani sarai. Muka ce ai taimako ne, Allah ma ya san nufinmu.

Haka aka yi. Ya karanta juzu'i na farko ya dawo da shi lafiya. Da dare bayan karatu, sauran almajirai su kewaye shi da tocila, yana karanta musu labaran akun nan, ana ta dariya har Malam ya yi gyaran murya daga cikin gida. Aka karɓo masa na biyu.

Sai ga Agusta. Wani dare aka yi ruwa da iska tun bayan isha har asuba. Rufin ɗakin almajirai na ƙasa ne, ya yi yoyo daidai lungun da yake ajiye jakarsa. Da gari ya waye ya same mu da littafin cikin riga, hannunsa na rawa. Littafin ya kumbura ya ninka kaurinsa, jar ƙasa ta rina shafukan, bangon ya saɓule.

To, nan ne abin kunyar. Ba mu tafi wurin Baba ba. Muka shanya littafin a rana, shafuka suka nannaɗe. Muka sa dutsen guga na gawayi, shafi biyu suka ƙone. Muka manna bango da ƙaro. Wani ya ce a bari sai ranar da mutane suka yi yawa a tura shi ƙarƙashin tarin da ake mayarwa. Wani ya ce a ce dama haka aka karɓe shi. Wani ya ce a daina zuwa kawai, ai Baba ba zai bi mu Birni da Zango gida-gida ba. Wanda aka ari littafin da katinsa ya ce shi dai ba ruwansa, ba shi ya jiƙa ba. Abokinmu kuwa ya ce zai koma ƙauye. Ranar mayarwa ta zo ta wuce da kwana tara, muna ta kewaye-kewaye.

Ba mu gaya wa Malam ba, amma almajirai ba sa riƙe magana. Wani dare, maimakon mu ci gaba daga inda muka tsaya a Risala, sai ya ce a buɗe babin da ya haɗa jingina da aro da ajiya da tsintuwa. Ya yi bayani a hankali, bai dubi kowa ba. Ya ce a mazhabar Malikiyya abin aro iri biyu ne. Akwai wanda ba ya ɓoyuwa, kamar gida ko dabba, wannan in ya salwanta ba da sakacinka ba, ba ka biya. Akwai wanda ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko littafi, wannan kai ne da lamuninsa, sai fa in akwai shaidu cewa ya halaka ba da sakacinka ba. Ya ce wanda ya ari abu yana iya ara wa wani, matuƙar mai abin bai hana ba. Sannan ya ɗago kai ya ce, "In kuwa ya hana fa?"

Ba wanda ya amsa. Ya ce, "Ruwa daga Allah yake, ba laifin yaron nan ba ne. Amma littafin bai kamata ya kwana a ɗakin ba tun farko. Wa ya kai shi?" Ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, magana take kan rubuta bashi da kafa shaidu, don haka kundin Baba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya tuna mana ta 58 a Nisa'i kan mayar da amana ga masu ita. Har mun fara sunkuyar da kai, sai ya ƙara da cewa a Suratul Ma'un Allah ya zargi masu hana aron ƙananan kayan amfani. "Don haka son da kuka yi yaron nan ya karanta, daidai ne. Hanyar ce kuka ɓata. Me ya hana ku zo ku same ni?"

Gaskiya ba mu da amsa. Ko kusa bai zo mana a rai ba cewa akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Katanga kawai muka gani muka haura.

Washegari muka tafi mu duka, abokinmu na gaba da littafin. Baba ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Wa ya yi masa guga?" Dariya ta so ƙwace mana, muka danne. Bai yi faɗa ba. Ya jawo akwatin katako ya zaro katin littafin ya miƙa mana. Gaba da baya cike yake da lambobi da ranaku, wasu da bik shuɗi, wasu har sun koɗe. Muka ƙirga, mutum 43. Ya ce, "Duk waɗannan sun kai shi gida sun dawo da shi, shi ya sa ya iso hannunku. Shi kaɗai gare mu. Akwai wata yarinya da ta zo nemansa sau uku."

Wannan magana ta fi bulala zafi. Mu a tunaninmu littafin na gwamnati ne, na wani wanda ba shi da fuska. Ashe na yarinyar nan ne da ta gama na ɗaya take jiran na biyu.

Dokar wurin ita ce wanda ya lalata ya kawo madadi, kuma a riƙe katinsa sai ya kawo. Muka ce ba na mutum ɗaya za a riƙe ba, a riƙe namu duka. Muka shiga karo-karo, mai dala 20, mai dala 50. Abokinmu ya kawo kuɗin ruwan da ya ɗiba na sati guda, muka ce ya bari, ya ce in ba mu karɓa ba ya fita daga cikinmu. Kawun ɗayanmu yana fatauci zuwa Kano, shi muka ba saƙon. Sai da ya yi tafiya biyu kafin ya samo. Ranar da muka kai, Baba ya buga masa hatimi, ya manna sabon aljihu, ya rubuta sabon kati fari fat, muna tsaye muna kallo.

Ran nan Malam da kansa ya raka mu, abin da bai taɓa yi ba. Suka gaisa da Baba, ya ce, "Malam, da kanka?" Malam ya ce, "Yaron nan a hannuna yake. Ubansa ni ya danƙa wa shi. In lamuni ake nema, ga ni." Baba ya ce sai ya tambayi na gaba da shi. Bayan sati guda amsa ta fito: an yarda, da sa hannun Malam da adireshin zaurensa. Malam ya sa hannu da ajami. Abokinmu ya samu lambarsa. Yanzu littafin aro a cikin leda yake ajiye shi, ledar kuma cikin akwatin ƙarfen Malam. An kuma aika wa mahaifinsa, an fara neman takardar kotu wadda ke maye gurbin ta haihuwa.

Da muka dawo hutu sai muka dubi kabad ɗin madarasarmu. Kowa ya san a da akwai Ahalari da Iziyya da Arba'una Hadisan da yawa a ciki, waɗanda bayin Allah suka bayar sadaka. Yanzu saura ƙalilan. Ba sata aka yi ba, ara aka yi, ba wanda ya rubuta. Da izinin shugaban makaranta muka sayi kaye mai shafi 200, muka ja layuka: suna, littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Ranar farko wani babba ya ji haushi da muka ce ya faɗi sunansa a rubuta, ya ce ba mu yarda da shi ba ne. Muka ce a'a, Baba, ai saboda mun yarda ne muke ba ka, rubutun don na bayanka ne.

Roƙonmu guda uku ne. Duk wanda ke da littafin madarasa ko na masallaci a gidansa, ko na shekara nawa ne, ya dawo da shi, ba za mu tambayi komai ba. Iyayenmu, don Allah in an yi haihuwa a je a karɓi takarda da wuri, mun ga yadda rashinta ke tsayar da yaro a bakin ƙofa. Ƙannenmu masu tasowa kuma, ku je ku yi kati, wurin naku ne. In kuna da aboki marar takarda, kada ku yi irin tamu, ku sami Malam.

 

Ƴan ajin ƙarshe