Karatun Yamma a Zangon Kwatano

Jama'a, 'ya'yanmu da aka haifa a Kwatano baki uku gare su. Faransanci a makaranta, Fon a bakin titi, Hausa a gida. Ta ukun ce ke ramewa, don ba mai rubuta ta.

Ni mutumin Katsina ne, atamfa nake sayarwa. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, hanyar Seme ta mutu, ciniki ya tsaya cak. Zaman banza ya ishe ni, sai na roƙi wani dattijo aron zaurensa kusa da Babban Masallacin Zango. Na sayi baƙin allo da alli, na fara tara yara 'yan shekara shida zuwa tara tsakanin la'asar da magariba, Laraba da Asabar, ba ko sisi.

Ban yi makarantar horon malamai ba, amma na gano inda gizo ke saƙar. Yaron da ya fara da Faransanci zai rubuta maka "tchiniki" maimakon ciniki, "Haoussa" maimakon Hausa. Ɓ da ɗ da ƙ kuwa bai taɓa ganinsu ba. Sai in rubuta "baki" da "baƙi", in ce wanne ake cin tuwo da shi, wanne ake shimfiɗa wa tabarma? A yi dariya, harafi ya zauna. Lissafi kuma da kuɗin kasuwar Dantokpa muke yi: dala sefa 5 ce, dala ashirin 100, jaka 1,000.

An buɗe iyaka a Disambar 2020, ban rufe zauren ba. Wasu abokai sun ce, "Alhaji, ka bar rumfa da yamma, asara fa kake." Gaskiya ne, ina rasa masu saye. To amma ranar da wata yarinya ta rubuta wa kakarta ta Maraɗi wasiƙa da hannunta, uwarta ta zo har ƙofar zaure tana share hawaye. Wace riba ce ta kai wannan?

Ɗan'uwa, ko a Kumasi kake, ko Lome, ko Abijan, idan ka iya karatun Hausa, yamma biyu a mako sun isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a.