Farar Fijon Marigayi Da Tafiyarmu Ta Ibadan

Waɗanda suka fito sallar Asuba a unguwarmu ta Agege ranar Lahadin da ta wuce sun ga tsofaffin motoci takwas a jere bakin titi, an wanke su tas, kowacce an ɗaga bonet ɗinta, dattawa sun sunkuya a kai kamar masu duba mara lafiya. Mu ne. Wasu sun tambaye mu ko biki ake yi, wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin cewa an sayar da farar Fijon nan ta marigayi Alhaji, suna son jin gaskiyar magana. To ga ta daga bakinmu, har da inda ba mu kyauta ba.

Ba mu da rajista, ba mu da hatimi, ko suna ba mu sa wa kanmu ba. Mu goma sha ɗaya ne, yawancinmu mun haura hamsin. Akwai ɗan goro, akwai ɗan canji, akwai direban tirela da ya ajiye aiki, akwai malamin makaranta. Gareji ɗaya ne ya haɗa mu. Duk Agege da kewaye bakanike ɗaya muka sani da har yanzu yake saita kafireto da kunne, wani dattijo Bayerabe da muke kira Baba. Yaran yanzu sai sun jona kwamfuta mota ta faɗa musu ciwonta. Baba kuwa zai ce ka tayar, ya karkata kai, ya ce maka filogi na uku ne, kuma shi ɗin ne. A kan bencin garejinsa muka san juna muna jiran gyara, har wata rana marigayi ya ce: tunda kullum sai sun lalace muke haɗuwa, me zai hana mu haɗu ranar da suke da lafiya?

Fitarmu ta farko ba ta wuce cikin gari ba. Gidan tarihi na Onikan muka je, inda aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Mun daɗe tsaye a gaban motar nan ba wanda ya ce uffan. Da muka fito aka ci abinci, aka yi ta musu kan inda kowa yake ranar da abin ya faru, daga nan aka sa ranar fita ta biyu.

Motocinmu ba za su burge wanda bai san su ba. Peugeot 504 guda huɗu, wadda kowa ke kira Fijo, biyu ƙanana biyu wagon. Sai 404 a-kori-kura ɗaya mai giya a jikin sitiyari, Marsandi 200 guda biyu, da Volkswagen Beetle ɗaya, wadda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira Ijapa, wato kunkuru. Amma wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ya san a ƙasar nan aka riƙa harhaɗa yawancinsu. A 1975 masana'antar Peugeot ta fara aiki a Kakuri da ke Kaduna, a shekarar kuma ta Volkswagen ta fara a Ojo, kan hanyar Badagry. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 tun 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, ita ce motar tasha. Da yawa daga cikinmu a kujerar ƙarshe ta wagon muka fara shigowa Ikko, gwiwa a haɓa, ƙullin kaya a cinya. Shi ya sa in muka ji ƙarar injin nan wani abu yake motsa mana wanda ba mu iya yi wa 'ya'yanmu bayaninsa.

Ƙa'idojin tafiyarmu kaɗan ne. Motar da ta fi kowacce rauni ita ke gaba, saboda haka kunkuru ne limaminmu. Baba bakanike yana can baya a a-kori-kura da akwatin sifana, galan biyu na ruwa, fanbel, filogi da igiyar ja. In ɗaya ta tsaya, duka an tsaya. Kujerar da ba kowa kuma ba ta tafiya haka nan: ana ba tsoho ko tsohuwar da ke da dangi a garin da za mu, wanda kuɗin mota ya hana shi zumunci. Da farko duk wata muke fita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya har ta taɓa dubu, sai muka koma bayan wata uku-uku. Marsandi 200 ba ta san an cire tallafi ba, yadda take sha jiya haka take sha yau.

Bayan Babbar Sallah Allah ya yi wa Alhaji rasuwa. Ya bar Hajiya, da babban ɗa mai shekara ashirin da 'yan kai, da ƙannensa uku da ke makaranta. Farar Fijonsa, wadda ya saya a gwanjon motocin gwamnati shekara talatin da suka wuce, aka lulluɓe ta da tamfol a ƙofar gida. Da aka zo lissafin gado, dangi suka ce mu muka san kan tsofaffin motoci, mu nemo mata farashi. Amana ce aka ɗora mana, kuma mun karɓa da hannu biyu.

'Yan gwangwan suka zo suka yi mata kuɗi da nauyin ƙarfe, muka kore su. Wani mai son sa ta haya ya taya da ɗan dama. Sai muka zauna muka ce mu haɗa kuɗi, mu ɗora wani abu a kan tayin mai haya, mu saye ta ta zama motar taro, kada ta bar unguwa. Kowa ya ji daɗin shawarar, har muna ganin alheri muka yi wa iyalan.

Ana cikin haka wani mutum daga Lekki, mai tara tsofaffin motoci, ya aiko wa Baba bakanike saƙo. Ya taɓa ganin motar a gareji, ya san injinta da kujerunta da dashbod duk na asali ne. Abin da ya taya ya ninka namu sau huɗu. Baba ya kawo mana maganar tunda mu ne wakilai.

A nan ne muka zame. Mun zauna a kan bencin nan da yamma, mu tara, muka ce a bar maganar a tsakaninmu. Wani ya ce mutumin kulle ta zai yi a ɗaki tana shan sanyin na'ura, ba za ta sake taka titi ba. Wani ya ce da Alhaji na da rai ko nawa ne ba zai sayar wa baƙo ba. Wani ya ce ai in tana hannunmu yaran za su riƙa ganinta kullum. Duk dalilin da ka ɗauko shi kaɗai ka duba, sai ka ga ba laifi. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da zai biya kuɗin makarantar yaro ko na hayar gida. Kuma ba wanda ya faɗi ainihin dalilin da babbar murya, wato mu ne ba ma son rabuwa da motar, kuma ba mu da kuɗinta.

Baba yana ƙarƙashin wata mota duk yana jin mu. Ya jawo jiki ya fito, ya goge hannu da tsumma, ya ce da Hausarsa mai gargada: "Alhazai, shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin motar nan. Duk cikinku ba wanda ya kai ni sonta. Amma in ba ku faɗa wa Hajiya ba zuwa Juma'a, ni zan je in faɗa." Ya koma ƙarƙashin motarsa. Wallahi an yi shiru har ana jin ɗigar baƙin mai a cikin tasa. Malamin makarantar da ke cikinmu ne ya fara buɗe baki, ya ce shi dai tun ɗazu zuciyarsa ke gaya masa dukiyar marayu muke wasa da ita, kunya ta hana shi magana. Mu da ke zuwa wa'azi duk mako, sai da mai gyaran mota ya tuna mana.

Mun yi ƙoƙarin cike giɓin. Aka sake zagayawa da karo-karo, wani har ya ce zai sayar da tayoyin da ya ajiye. Ko rabin tayin mutumin ba mu kai ba. Ranar Alhamis muka je gidan mu uku, muka zauna a zaure, muka faɗa wa babban ɗan da kawunsa komai, har da kwana huɗun da muka yi muna riƙe da labarin. Kawun ya yi shiru, ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Magada suka yi shawara, suka zaɓi a sayar wa na Lekki. Da mu ne a matsayinsu abin da za mu zaɓa ke nan.

Abu ɗaya Hajiya ta roƙa daga bayan labule. Ta ce a jira ta fita takaba, a kai ta Sabon Ibadan a cikin motar kafin a miƙa ta, domin a cikinta aka ɗauko ta daga can ranar da aka kawo ta amarya. Kuma ɗanta take so ya tuƙa. Mai saye ya yarda ya jira. Matsalar ita ce yaron da mota mai canja giya da kanta ya koyi tuƙi, bai taɓa taka kuloci ba. Mako biyu direban tirelar nan namu yana kai shi filin makaranta bayan La'asar, ana jin tsawarsa daga titi: "Ɗana, a hankali ake sakinsa, ba ƙaya ka taka ba!"

Ranar Lahadi ƙarfe shida da rabi muka tashi. Muka bi ta Berger, muka hau doguwar gada, warin shanun Kara ya shigo ta taga, don babu mai na'urar sanyi a cikinmu. Ibafo, Mowe, mahaɗar Shagamu. A 1978 aka buɗe babbar hanyar nan, ka ga ita da motocinmu sa'o'in juna ne, sai dai ita an sake mata sabon jiki. Tafiyar kilomita ɗari da ashirin da wani abu ce, wadda motar zamani kan cinye cikin awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau. Mu awa huɗu muka yi. Motoci na wuce mu suna danna ham, yara na ɗaukar hoto da waya ta taga, wani jami'in hanya ma ya tsayar da kunkuru, muka yi tsuru-tsuru, ashe so yake ya leƙa baya ya nuna wa abokin aikinsa inda injin yake.

A Ogere muka tsaya shan shayi a cikin 'yan uwanmu direbobin tirela, kuma a nan ɗaya daga cikin Marsandin ta fara hayaƙi, robar lagireto ta fashe. Baba ya yanke wurin da ya tsage, ya sake ɗaurewa, aka jira ta huce aka zuba ruwa. Minti arba'in. Kafin a gama, direbobi sun kewaye mu. Wani tsoho ɗan Funtuwa ya daɗe yana shafa zakin da ke gaban farar Fijon, ya ce irinta ya ja shekara goma sha biyu tsakanin Kaduna da Kano, ya tambaya ko ta sayarwa ce. Ba wanda ya amsa masa a cikinmu. Ita kuwa, kamar da gayya, ko tari ba ta yi ba tun daga Agege har Ibadan.

Sai a hawan Mokola, saura ƙiris mu shiga Sabo, yaron ya saki kuloci da sauri ta mutu masa a tsakiyar titi. Ya sake, ta sake mutuwa. 'Yan tasi na zagi, gumi ya jiƙa masa riga, mu duka mun tsaya a bayansa mun tare hanya. Ƙanwar Hajiya da ke cikin motar ce ta ba mu labari daga baya, wai Hajiya ta ce masa daga kujerar baya: "Kwantar da hankalinka. Babanka ma a daidai nan take mutu masa lokacin da yake zuwa zance." Ta ce ranar ce ta fara jin dariyar Hajiya tun rasuwar.

Mutanen Sabo sun karɓe mu yadda suka saba. Unguwa ce da aka kafa tun 1916, goro da shanu suka raya ta, kuma da wuya ka sami gidan Bahaushe a Agege da ba shi da suruki ko ɗan uwa a can. Tsofaffi huɗun da muka ɗauko kowa ya nufi danginsa. Aka yi Azahar, aka kawo tuwo da tsire, aka yi wa marigayi addu'a a ƙofar gidan surukansa, motar na tsaye a inda ta tsaya ranar ɗaukar amarya. Ƙarfe biyu muka juyo, don fitilun motocinmu ba na tafiyar dare ba ne.

Ranar Litinin da hantsi aka zo da babbar mota aka ɗora ta. Yaron ya cire carbin babansa daga jikin madubi ya sa a aljihu, ya miƙa makulli. An biya kuɗin a hannun kawunsa, an raba yadda shari'a ta ce. Har yanzu mutum biyu a cikinmu na ganin da mun nemi a ba mu shekara guda mu biya a hankali, da motar na nan. Ba mu hana su ra'ayinsu ba. Sauranmu dai abin da ke damunmu kwana huɗun nan ne, don tun ranar farko ya kamata mu je zauren.

Tafiya ta gaba Badagry ce in Allah ya kai mu, kafin azumi, kuma za mu bi ta Ojo domin kunkuru ya ga garinsu. Motoci bakwai ne yanzu, akwai kujeru ga dattawan da ke da dangi a can, sai a sanar da mu da wuri. Ɗan marigayi ya riga ya kama wuri a a-kori-kura kusa da Baba, ya ce shi zai riƙa miƙa sifana. Duk mai tsohuwar mota a ƙarƙashin tamfol da ke son bin mu, ya kawo ta gareji mako biyu kafin ranar, Baba ya saurare ta. Allah ya jiƙan Alhaji, ya raya abin da ya bari.