Damina a Unguwar Koki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da na gani a Koki, cikin birnin Kano, unguwar da Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya kafa gidansa.

Wata rana cikin watan Agusta, da ruwa ya ɗauke, na bi ta Kasuwar Kurmi na shiga unguwar. Na tarar da lunguna sun zama rafi, kwatoci sun toshe da leda, ga wani tsohon soro ya zube, masu gida na tsamo tabarminsu daga taɓo. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, wannan ikon Allah ne." Na ce, "Haka ne, Baba. Amma hanyar da ruwan zai bi, wannan a hannunmu ta ke."

Ga dalilina. Idan aka yi ruwa milimita 50 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 100, abin da indararo zai zubar lita 5,000 ne, watau duro 25 mai cin lita 200. Gida ɗaya ke nan. To, ina ruwan unguwa duka zai nufa? A da kududdufan da kakanninmu suka haƙa garin ɗibar ƙasar gini su ke tare shi, sauran ya gangara Jakara, wadda Bature Barth ya gani a tsakiyar birni a 1851. Yanzu an cike da yawansu da shara, an yi gini a kai, an kuma daɓe tsakar gida da siminti, ƙasa ba ta samun shan kome.

Ruwan da ya rasa hanya sai ya kwanta a gindin bango. Daga nan ya riƙa hawa cikin tubali kamar yadda mai ke hawa lagwani. Idan marka ta yi kwana da kwanaki, gindin ya yi laushi, nauyin azara da na soro ya kayar da shi, wani lokaci mutane na barci. Manyanmu ba su manta da Agustan 1988 ba, sa'ad da dubban gidaje suka rushe a Kano, madatsar Bagauda kuma ta ɓalle.

Saboda haka ina roƙon masu unguwa da malamai su gargaɗi jama'a: a yashe kwata tun watan Mayu, a sake yaɓe, a gyara indararo, a bar cike kududdufan da suka rage. Wanda ya ga tsaga ko danshi a ɗakinsa, ya fitar da yara tun da rana, kada ya jira dare.

Haza wasalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Kano.