Garaɓasa a Gwanjo

Gwanjo, a asalin ma'anarsa, shi ne a baje kaya a bainar jama'a ana tayawa, wanda tayinsa ya fi na kowa ya ɗauka. Daga baya kalmar ta faɗaɗa, har ta zama sunan duk abin da wani ya riga ya mora kafin a kawo shi kasuwa, tun daga riga da takalmi har zuwa gado da kujera. Bahaushe kuwa bai ɗauki irin waɗannan kaya da daraja ba. Yakan ce araha ba ta ado, kuma abin gori ne a ga kwanon da wata ta taɓa ci a ciki a jeren amarya. To, amma akwai wani tsohon malamin makaranta a birnin Kano wanda ya yi kusan shekara 40 yana bin gwanjo, kuma ɗakinsa ya ƙaryata wannan karin magana ƙwarai da gaske.

Ba sha'awa ce ta fara kai shi ba, babu ce. A shekarar 1986, sa'ad da gwamnati ta karya darajar naira, albashin malami ya zama ba ya iya sayen sabon tebur, shi kuwa ga shi da sabon aure da tulin littattafai a ƙasa. A lokacin baƙin ma'aikata 'yan ƙasashen waje da yawa suna tattara nasu ya nasu suna komawa gida, suna karyar da abin da ba su iya ɗauka. A irin wannan gida ne ya sami teburin rubutu na icen maɗaci, wanda sai da ƙarti uku suka kama kafin ya hau amalanke. Teburin nan yana nan har yau, ko girgiɗi ba ya yi, alhali kujerun yayi da maƙwabtansa suka saya bayansa an sake su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Daga nan ne idonsa ya buɗe. Ya shiga yawon kasuwanni ranar da babu makaranta, daga Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, zuwa Kasuwar Rimi da Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa, yana zama wurin kafintoci da 'yan koli da maƙeran fari yana ɗaukar karatu. A wurinsu ya koyi cewa ba a duba kaya ta fuska, domin fenti maƙaryaci ne. Ana juya su ne a dubi baya da ƙarƙashi. Idan aka zaro aljihun tebur aka ga kafinta ya yanka haƙora ya sarƙa su cikin juna kamar yatsun hannu biyu, babu ƙusa, to, aikin masu haƙuri ne. Idan aka ga gari-gari a gindin ƙafa, ƙwaro ya riga mai saye. Katakon zamani da ake matsawa daga dusar ice kuwa, da ya sha ruwa sai ya kumbura kamar gurasa, alhali maɗaci da maɗobiya sai dai su ƙara duhu da sheƙi. Ita maɗobiyar ma ta yi wuya yanzu, saboda saran da aka yi mata ana kai wa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017.

Haka kuma ya koyi yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu. Tasar tagulla ta gaskiya, irin wadda maƙeran Bida ke bugawa, maganaɗisu ba ya kama ta. Wadda ya kama, baƙin ƙarfe ce aka yi wa wanka. Keken ɗinki na Singer yana da lamba a jikinsa wadda ke nuna shekarar da aka ƙera shi. Anini mai huji, da kuma sisi da sule da fataka waɗanda naira da kwabo suka kora daga 1973, yana tsintarsu a faifan 'yan koli a haɗe da maɓallai da tsofaffin makullai. Abu guda ne ba ya taɓawa, watau kayan tarihi na ainihi, domin Doka ta 77 ta 1979 ta hana cinikin aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 sai ga wanda hukumar gidajen tarihi ta amince masa. In ya ga irinsu, yakan ce wa mai su Gidan Makama ya fi cancanta da su.

Abokan hamayyarsa a wannan fage ba masu kuɗi ba ne, 'yan gwangwan ne. Su ba ruwansu da zane ko shekaru, sikeli kawai suka sani. Tasar da kaka ta yi jere da ita, ta bar wa 'yarta, ita ma ta bar wa tata, sai a ɗora ta a kan ma'auni a biya kuɗin nauyinta, gobe ta narke. Saboda haka Malam ya daɗe yana ɗaukar kansa mai ceto, kuma da wannan yake lallashin zuciyarsa duk lokacin da ya sayi abu a kan rubu'in ƙimarsa. Lalle akwai gaskiya a cikin wannan, amma ba ita ke nan ba.

Wata rana da hantsi wata dillaliya ta unguwarsu ta yi sallama da shi, ta ce, "Malam, ga irin naka can ya samu. Wata tsohuwa ce ta rasu a cikin gari, an yi arba'in, magada suna so a mai da kayan ɗakinta kuɗi a raba." Da ya isa ya tarar an fito da kome tsakar gida: gado mai rumfa na ƙarfe, da fanteka da langa waɗanda bakinsu ya ɓantare, da tasoshi, da wani akwatin katako wanda ƙura da hayaƙi suka mai da shi baƙi ƙirin. Ɗan gwangwan ya riga ya taya gadon da tasoshin. Akwatin kuwa babu wanda ya ko dube shi, har wata mata tana cewa a bar mata ta riƙa zuba gawayi.

Malam ya durƙusa, ya kankare kusurwa guda da farce, sai ga tagulla. Ya ɗaga gefe ya ji nauyi, ya leƙa ya ga haƙoran nan a sarƙe. A take ya san abin da ke gabansa. Amma da babban ɗan marigayiyar ya tambaye shi, "Baba, wannan zai yi wani kuɗi kuwa?" sai ya taɓe baki ya ce, "Ai tsohon yayi ne, Alhaji, wa zai sa wannan a ɗaki yanzu? Sai dai irinmu masu tara tarkace." Ya yi tayin da bai kai kuɗin rabin buhun shinkafa ba. Ko albarka ba a ce ba, aka sallama, ya biya dillaliya la'adarta, aka ɗora masa a baro.

Sai da dare, yana goge cikin akwatin, ya ji ƙyallen da aka liƙa a gindinsa yana da tudu. Da ya ɓanɓare sai ga wani tsumma a ƙulle, a cikinsa kuma liyari guda 11, kowanne da kunnen da maƙeri ya yi masa don a zura a tsakiya a rataya a wuya. Mai karatu da bai taɓa ganin liyari ba, shi ne kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wanda fatake suka shigo da shi ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Kowanne yana da nauyin giram 28, kuma mafi yawansa azurfa ce. Duk waɗanda aka buga bayan rasuwarta suna ɗauke da shekarar 1780, ko da an buga su bayan shekara 100 ne, saboda haka shekarar ba ta nuna tsufansu. Amma azurfa azurfa ce, kuma guda 11 sun ninka kuɗin akwatin sau da yawa.

Daren nan bai runtsa ba. Zuciya ɗaya ta ce tsintuwa ba sata ba ce, kuma ciniki ya faɗa da duk abin da ke ciki. Ɗayar ta tuna masa cewa a tsakar gidan nan ya ga yara biyu ƙanana, kuma dillaliya ta gaya masa 'ya'yan autan tsohuwar ne, wanda ya rasu mako uku bayanta, watau rabonsa ya gangaro kansu.

Da asuba ya tsaya bayan salla ya kwashe labari ya gaya wa limamin unguwa, wanda ya yi zurfi a fiƙihu. Liman ya ce maganar azurfa ba ta da wuya: abin da aka sayar akwati ne, abin da mai sayarwa da mai saye duk ba su san da shi ba bai shiga ciniki ba, na magada ne. Malam ya ce, "Allah ya gafarta Malam, to, shi akwatin fa?" Liman ya ce, "Ka boye wani abu ne?" Ya ce, "Ban yi ƙarya a kan icen ba, ba a tambaye ni ba." Liman ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Amma an tambaye ka ko zai yi kuɗi. Wanda ya tambaye ka ya dogara da saninka ne, ba taya ka ciniki yake yi ba. Malamai sun yi magana mai nauyi a kan cin ribar wanda ya miƙa maka wuya." Bai ƙara ba, ya ci gaba da jan carbinsa.

Malam ya mai da liyaran da yamma, yana tsammanin godiya. Babban ɗan ya yi godiya kam, har da hawaye. Amma wata ƙanwar marigayiyar, tsohuwa tukuf, ta karɓi tsumman ta ƙirga da yatsa sau biyu, ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan nan, na Yaya 12 ne. Ni na ɗaura mata su ranar da aka kai ta ɗaki." Tsakar gida ta yi tsit. Ya rantse 11 ya gani. Aka ce ba kome, wataƙila ta sayar da guda a wata shekarar yunwa, amma ya ga yadda matan suka dubi juna, kuma ya san cewa a gidan nan har abada shi ne mutumin da ya mai da 11. A cikin wannan hali maganar ƙarin kuɗin akwati, wadda ya zo da ita a baki da kuɗin a aljihu, ta maƙale masa, domin ya ga in ya fito da su za a ce kuɗin na 12 ne.

Kafin mako ya zagayo aka kai liyaran wurin maƙeran fari aka auna, aka raba kuɗin bisa ƙa'idar gado. Kuɗin da ya yi niyyar ƙarawa kuwa, sai ya bi ta hannun dillaliyar a kai wa uwar marayun, da sharaɗin kada a faɗi daga inda suka fito. Dillaliyar ta ce ta kai. Sauran magadan, waɗanda su ma suna da haƙƙi a cikin akwatin, ba su sami kome ba, kuma bai koma wurin liman ya tambayi hukuncin wannan ba.

Akwatin yana nan kusa da teburin maɗaci, ya sha mai, kusurwoyinsa suna walƙiya, a ciki ya jera aninai da sulallansa. Wani dillalin kayan da, wanda ke kai wa baƙi kaya a Abuja, ya zo ya taya shi har sau biyu, Malam ya ce albarka. Ƙyallen gindin ne kawai bai mayar ba, ya riga ya ɓanɓare shi kakaf, ya bi kowace kusurwa da tsinke yana neman na 12.