HOLAN: ƘASAR DA TEKU YA FI TA TUDU

A cikin ƙasashen Turai akwai wata 'yar ƙasa da muke kira Holan, masu ita kuwa suna ce da ita Nederland, watau ƙasa mai kwari. Tana bakin Tekun Arewa, Jamus na gabas da ita, Beljiyam na kudu. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 41,500 ne, ko Jihar Kaduna ta fi ta girma, amma mutanen da ke cikinta sun kai miliyan 18. Abin da ya sa ta zama abin ba da labari shi ne, kashi 26 cikin ɗari na ƙasar yana ƙasa da bisan ruwan teku, kuma da ba domin jinga da madatsai ba, da kusan kashi 60 cikin ɗari ruwa ya riƙa cinye shi. Ban da teku kuma ga manyan koguna uku, watau Rain wanda ya taso daga duwatsun Suwizalan, da Maas da Schelde waɗanda suka taso daga Faransa, dukansu a nan suke zuwa su juye ruwansu.

Baƙo yakan fara ganin alamar wannan al'amari tun daga filin jirgin sama na Schiphol, kusa da Amstadam. Wurin da jirage ke sauka a yau, da can gindin wani babban tafki ne mai suna Haarlemmermeer, wanda aka kwashe ruwansa da manyan famfuna uku masu aiki da tururi daga 1848 zuwa 1852. Da na shiga jirgin ƙasa na nufi kudu, abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ganin kwalekwale yana tafiya cikin magudanar ruwa a sama, shanu kuwa suna kiwo a ƙasa da shi. A wurinmu kogi ne a kwari, gona a tudu. A can sau da yawa gonar ce a kwari, kogi na bisa, jinga kaɗai ta raba su.

YADDA ABIN YA FARO

Mutanen farko da suka zauna a bakin tekun arewacin ƙasar, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, ba su yi jayayya da ruwa ba. Tudu suke tarawa da laka da kashin shanu, su gina gidajensu a kai, in teku ya yi toroƙo su hau su jira ya janye. Har yanzu akwai ƙauyuka a lardin Friesland da ke bisa irin waɗannan tuddai.

Wahalar ta ƙaru ne wajen shekara dubu da suka wuce, sa'ad da manoma suka shiga fadamun tsakiyar ƙasar suna haƙa lambatu don su tsane ruwa su yi shuka. Ƙasar waɗannan fadamu ta samu ne daga ruɓaɓɓun ciyayi da suka daɗe jiƙe cikin ruwa. Da zarar an tsane ta, iska ta shige ta, sai ta motse ta lotsa. In ta lotsa ruwa ya sake kwanciya, sai a ƙara zurfin lambatu, ita kuma ta ƙara lotsawa. Da haka wasu wurare suka yi ƙasa da mita da yawa, har ya zama ruwa ba ya iya gangarawa kogi da kansa. Ashe ke nan wani sashe na kwarin Holan aikin hannun mutanenta ne.

Da yake jingar mutum ɗaya ba ta da amfani in ta maƙwabcinsa ta karye, sai tilas ta sa manoma suka haɗa kai. Suka kafa majalisun ruwa, kowace da yankinta, aka yanka wa kowane mai gona rabonsa na jinga da zai riƙa gyarawa. A wasu wurare al'adar ita ce, wanda ya kasa riƙe rabonsa sai ya kafa shebur a kan jingar, duk wanda ya cire shi ya ɗauki gonar tare da nauyinta. Majalisar yankin Rijnland ta sami takardar izni daga hannun mai mulkin Holan, Willem na Biyu, cikin 1255, kuma har gobe tana aiki. Cikin 1850 irin waɗannan majalisu sun kai wajen 3,500, amma an yi ta haɗe su har suka koma 21. Jama'a ke zaɓen wakilansu kowace shekara huɗu, suna da ikon karɓar harajinsu na kansu, shugaban kowace kuwa ana kiransa da sunan da za a iya fassarawa Sarkin Jinga. Aikinsu ya haɗa da kula da jinga, da daidaita tsayin ruwa a magudanai, da tace ƙazamin ruwan garuruwa, har da ɗana wa wata irin gafiyar ruwa tarko domin ramun da take yi a jinga.

Duk da haka teku ya sha yi musu ɓarna. Cikin Nuwamba 1421 ambaliya ta cinye ƙauyuka da yawa kusa da garin Dordrecht, wurin ya koma fadama mai suna Biesbosch wadda ke nan har yau.

FAMFON ISKA

Daga farkon ƙarni na 15 suka fara amfani da iska wajen kwashe ruwa. Na ziyarci ƙauyen Kinderdijk, gabas da Rotadam, inda famfunan iska 19 ke tsaye a bakin magudanai, yawancinsu an gina su wajen 1740. Kowanne kamar doguwar hasumiya yake, da fukafukai huɗu. In iska ta juya fukafukan, sai su juya wani babban gargare a ƙasa, shi kuma ya riƙa ɗebo ruwa daga magudana ta ƙasa yana turawa ta sama. A nan ake tara ruwan har kogin Lek ya sauka, sa'an nan a buɗe masa ƙofa. Famfo ɗaya ba ya iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita ɗaya da rabi, saboda haka inda kwari ya yi zurfi sai a jera uku ko huɗu, wannan na miƙa wa wancan. Da wannan dabara, da famfuna fiye da 40, aka busar da tafkin Beemster cikin 1612. Filin da aka kewaye da jinga aka kwashe ruwansa haka, shi suke kira folda. Yanzu injunan lantarki da na dizal ke yin aikin, ba dare ba rana, domin ruwan sama da wanda ke tsattsafowa ta ƙarƙashin jinga ba su da hanyar fita sai an ɗaga su.

Cikin 1798 aka kafa ma'aikatar ruwa ta ƙasa baki ɗaya, Rijkswaterstaat, wadda ke riƙe da manyan koguna da bakin teku. Babban aikin da ya fara fito da sunan ƙasar a duniya shi ne toshe wani reshen teku da ya kutsa har cikin tsakiyarta, mai suna Zuiderzee. Wani injiniya, Cornelis Lely, shi ya tsara shirin cikin 1891, amma aka yi ta jan ƙafa sai da ambaliyar 1916 da ƙarancin abinci na lokacin Yaƙin Duniya na Farko suka sa majalisa ta zartar da doka cikin 1918. Ran 28 ga Mayu 1932 aka toshe kafa ta ƙarshe ta wata jinga mai tsawon kilomita 32, wadda ake kira Afsluitdijk. Na bi ta kanta da mota: hannun hagu ruwan gishiri, hannun dama ruwan daɗi, domin bayan toshewar kogin IJssel ya wanke gishirin, wurin ya zama tafkin da ƙasar ke dogara da shi lokacin fari. Daga cikin tafkin aka fitar da manyan folda tsakanin 1930 da 1968, faɗinsu ya haura murabba'in kilomita 1,600. Cikin 1986 aka mai da mafi yawansu sabon lardi mai suna Flevoland, babban garinsa Lelystad, don tunawa da injiniyan.

DAREN 1953

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hankalin gwamnati ya koma kan sake gina garuruwa, jingogin kudu maso yamma kuwa sun yi gajarta, wasu sun raunana, ko da yake masana sun yi gargaɗi. A daren 31 ga Janairu zuwa wayewar garin 1 ga Fabrairu 1953, guguwa daga arewa maso yamma ta haɗu da cikar teku, ruwa ya karya jinga a wurare da yawa mutane suna barci. Mutum 1,836 suka rasu, aka kwashe wajen 70,000 daga gidajensu, dabbobi dubbai suka halaka, gishiri ya ɓata gonaki. Kusa da garin Nieuwerkerk aan den IJssel, wani matuƙi mai suna Arie Evegroen ya tura jirginsa na ruwa cikin wata kafa da ta buɗe a jinga, abin da ya tsare yankin da ya fi ko'ina yawan jama'a. A ƙauyen Ouwerkerk akwai gidan tarihin wannan ambaliya, an yi shi ne cikin manyan akwatunan kankare huɗu waɗanda da su aka toshe kafa ta ƙarshe cikin Nuwamban shekarar.

Ba a yi wata ɗaya ba gwamnati ta naɗa kwamiti, cikin 1958 kuma aka yi dokar aikin da ake kira Shirin Delta. Dabarar ita ce a toshe bakunan koguna da ke tsakanin tsibiran lardin Zeeland, domin a rage tsawon gaɓar da ake tsaro. Amma da aka zo kan mashigin Oosterschelde, masunta da masu kiwon kawa da masu kishin halittun ruwa suka tashi tsaye, suka ce toshe shi ɗungum zai kashe sana'arsu. Gwamnati ta saurare su, ta sake shiri, ko da yake kuɗin ya ƙaru ƙwarai. Aka kafa ginshiƙan kankare 65, aka rataya ƙofofin ƙarfe 62 a tsakaninsu. Kullum a buɗe suke, teku na shiga yana fita, sai in an hango ruwa zai haura mita 3 bisa ma'auninsa sa'an nan a sauke su. Sarauniya Beatrix ta buɗe aikin ran 4 ga Oktoba 1986.

Rotadam kuwa, da yake ita ce tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai, ba dama a toshe mata hanya. Sai aka yi mata ƙyaure biyu na ƙarfe, kowanne tsawon mita 210, suna ajiye a gaɓa biyu na mashigin. In haɗari ya taso sai su yi iyo su haɗu a tsakiya, a cika su da ruwa su nutse. An gama su cikin 1997, kuma na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke yanke shawarar rufe su.

A BA KOGI WURI

Suna fama da teku ta gaba, sai koguna suka ɓullo ta baya. Cikin 1993 da 1995 Rain da Maas suka cika maƙil, har a farkon 1995 aka kwashe mutum wajen 250,000 don tsoron karyewar jinga. Daga nan masana suka lura cewa ƙara wa jinga tsawo kullum ba ya ƙarewa, kuma in doguwar jinga ta karye ɓarnarta ta fi yawa. Sai aka fito da wani shiri na faɗaɗa wa koguna hanya a wurare fiye da 30, wanda ya ci kimanin Yuro miliyan 2,300. An biya wasu manoma diyya sun tashi, wasu kuma an gina musu tuddai kamar na kakanninsu. A garin Nijmegen na ga inda aka ja jinga baya da mita 350, aka haƙa wa kogin Waal reshe na biyu, tsakiya ta zama tsibiri inda mutanen gari ke zuwa shan iska.

Har yanzu da sauran aiki. Teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 cikin ƙarnin da ya wuce, fadamun nan kuma suna ci gaba da lotsawa. Cikin 2018 da 2022 fari ya sa koguna sun ja baya, ruwan gishiri ya riƙa kutsowa, cikin Yuli 2021 kuma ruwan sama ya yi ɓarna a lardin Limburg. Saboda haka tun 2010 akwai wani babban jami'i, Kwamishinan Delta, wanda ke kai wa gwamnati shirin aiki kowace shekara, da asusu na musamman da ake zuba wa fiye da Yuro miliyan 1,000 a shekara. Cikin 2011 sun jibge yashi mai yawan gaske a gaɓar da ke kudu da birnin Heg, suka bar iska da igiyar ruwa su riƙa rarraba shi a hankali.

Mu ma ba baƙin waɗannan mutane ba ne. Kamfanin injiniyoyinsu, NEDECO, shi ya yi binciken kogunan Kwara da Binuwai wanda aka buga cikin 1959, makarantar ilmin ruwa ta garin Delft kuwa, wadda aka kafa cikin 1957, ta horar da ɗalibai masu yawa daga Afirka. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, cikin Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Ƙofofin ƙarfe irin na Holan sai mai kuɗi, amma abin da ya riƙe ƙasar shekara ɗari bakwai da ɗoriya ya girmi ƙarfe da injin: kowace jinga tana da wanda aka ɗora wa alhakinta, da kuɗin gyaranta da aka ware, da ranar da za a zo a duba ta, ko ana damina ko ana rani. Wannan kam bai fi ƙarfin kowace ƙasa ba. Allah ya kiyashe mu da sharrin ambaliya, amin.