Shokar Baya

Yawancin masu mota sun ɗauka shoka ce ke ɗauke da nauyin mota. Sifirin ne ke wannan aiki. Ita shoka, nata shi ne ta hana sifirin ci gaba da tsalle bayan an faɗa rami, ta danne taya a kan hanya. Mai ne a cikinta, ana matsa shi ta ƙananan kafofi, matsin kuwa shi ke shanye girgizar. A ƙarƙashin Fijo 504 na san haka, irin ta masana'antar Kaduna da ta fara harhaɗa motoci a 1975, lokacin da mai mota ba ya jin kunyar baƙin mai a hannun rigarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shoka ba ta mutuwa rana guda. Kaɗan-kaɗan take sanyi, jikinka yana sabawa, har ka daina jin yadda bayan motar ke rangaji a kwana. Sai baƙo ya shiga ya ce, "Alhaji, motar nan lafiya kuwa?" Ka danna gefen baya ka saki, in motar ta yi ta lilo, shokar ta gaji. Ka leƙa jikinta: in mai ya zubo ƙura ta manne masa, magana ta ƙare. Taya ma takan ci tabo-tabo, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar.

In za ka canza a gida, ɗana, canza biyun tare, domin sabuwa da tsohuwa ba sa riƙe mota daidai. Nemi daɓe mai ƙarfi, ka tokare tayoyin gaba, ka jiƙa notunan da mai tun daren da ya gabaci aikin saboda tsatsa. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashi mota tana kan jak kaɗai. Jak na ɗagawa ne. Sa ƙarfen tokare, ka kuma tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar. Wannan ba na sassauta wa kowa a kai, ko ƙwararren bakanike ne, don akwai iyali da ke jiransa.

Notin ƙasa kuma kada ka ƙarasa ɗaure shi mota tana sama. Bari ta sauka nauyinta ya zauna tukuna, sannan ka sa sifana ka ɗaure tamau. In ba haka ba robar cikin za ta murɗe, ta yage tun shokar tana sabuwa.